Kajin Bikin Auta

Zuwa ga Baban yara,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya kamar yadda ta bar mu. Ya aiki, ya zafin ƙarfe, ya kuma idon naka? Ina fatan kana ɗiga maganin da likita ya ba ka safe da yamma, ba sai ranar da ka tuna ba. Mu nan lafiya lau. Auta tana gaishe ka. Yayarta ta kawo mana jikokinka ranar hutu, sun juye gidan kaf sannan suka tafi suka bar ni da shara.

Na zaɓi in rubuto ne don a waya ba ka bari in kai aya. Da na ɗauko magana sai ka ce kati zai ƙare, ko layi ya ɗauke, a bar ni da sauran zance a baki. A takarda kuwa dole ka saurare ni har ƙarshe.

To, an tsayar da ranar bikin Auta. Iyayen yaron nan mai gyaran firji sun zo, muka zauna da su ni da ƙaninka. Su so suka yi a yi abin nan kusa, ni kuma na ce a kai shi dogon hutun makaranta, kusan shekara guda ke nan. Uwar angon ta dube ni kamar ba ta ji daidai ba. Na ce mata daidai ta ji.

Kai ka san dalilina ko ban faɗa ba. Ka tuna yadda na Yayarta ya kasance. Rana aka sa a ƙurarren lokaci, muka faɗa kasuwa ido rufe, kowane ɗan kasuwa ya hango gaggawa a fuskarmu ya yanka mana farashin da ya ga dama. An yi biki, mutane sun yaba, an watse. Amma injin waldarka da shagonka a cikin bikin nan suka tafi, kai kuma ka hau jirgi ka tafi ƙasar mutane kana yi wa kamfani walda a bakin teku. Tun daga nan ni da Auta kaɗai muke zama a kan tabarmar cin abinci, kuma har yau ban saba ba.

Kwantiraginka zai ƙare gab da dogon hutu. Na san halinka kamar tafin hannuna. Da ka ji an sa rana, lissafin da zai fara zuwa maka shi ne ka ƙara wasu shekara biyu don a fita kunyar mutane. To likita ya riga ya gaya maka idon hagu ya yi rauni, kuma in ka ci gaba da kallon wutar walda na daman ma zai bi shi. Don haka ga alkawarin da nake so mu ƙulla. Ni zan fitar da bikin nan daga abin da ke hannunmu, ba za a sayar da ko cokali ba. Kai kuma ranar da suka miƙo maka takardar sabuntawa, ka mayar musu da alƙalaminsu ka kamo hanyar gida.

Kada ka yi wannan murmushin naka, ina ganinsa daga nan. Shekara ashirin ina girka wa ɗaruruwan 'yan mata abinci sau uku a rana a makarantar kwana. Biki ai abincin rana ɗaya ne da aka yi wa kwalliya. Na riga na samu Shugabar makaranta, ta ce in dai cikin hutu ne, ɗakin cin abinci da benci da tukwane da murhu duk ta ara mana, namu kawai gas da wanke-wanke. Ka ga kuɗin hayar wuri ya fita daga wuyanmu tun yanzu. Shinkafa zan jira kaka in saya ta hannun mutumin da ke kawo wa makaranta. Mai da sauran tarkace kuwa kowane ƙarshen wata zan riƙa ɗaukar abu ɗaya in ajiye.

Nama ne babban abin da ke cinye biki, shi ma na san yadda zan yi da shi. Kaji zan kiwata da kaina a bayan gida, irin na gona masu saurin girma. Zan auna lokacin da zan ɗauko 'yan tsakin yadda ranar da suka isa yanka za ta faɗo daidai da satin biki. Ka zuba ido ka gani.

Ka gaishe da abokan aiki. Ka kula min da kanka.

Taka har kullum,
Maman yara

*

Zuwa ga Baban yara,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jiki, ya ƙoƙari? Amsarka ta iso, gajeriya kamar kullum, amma na ga inda ka ce ka yarda da alkawarin, kuma wurin nan na karanta shi ya fi a ƙirga. Ya idon? Ba ka ce komai a kansa ba.

Da za ka leƙa ɗakin da kake ajiye kayan aikinka da ba ka gane shi ba. Buhunan shinkafa suna jere a kan katako don kada sanyin ƙasa ya taɓa su, jarkokin mai suna lungu, kwalayen faranti suna saman kabad. Shinkafar nan da na saya da kaka, yanzu in ka ji abin da ake sayar da ita sai ka riƙe baki. Wani lokaci ina wucewa sai in tura ƙofar in tsaya ina kallonsu kawai, ba don ina neman komai ba. Ba zan ɓoye maka ba, kaina yana ɗan kumbura.

Yadin rigar amarya a wani shago da zai tashi na samo shi, suna ta karya farashi don kada su yi dakon kaya. Na kai wa tela a lokacin da teloli ke zaune suna hamma babu aiki. Ya ɗinka ta a natse, ya kira Auta gwaji har sau uku, kuma bai ja mana rai ba. Mai hoto kuwa wanda ke ɗaukar 'yan makaranta na kama, tun yanzu ya san ranarsa.

Yayarka, Gwaggon yara, ta zo ta ga ɗakin. Ta ce ita tunda take ba ta taɓa ganin an tara kayan biki kamar ana shirin yaƙi ba. Da ta ji a ɗakin cin abincin makaranta za a yi, sai ta tafa hannu ta ce za a ce 'yar ƙaninta a kantin ɗalibai aka aurar da ita. Na zuba mata shayi na ce ta ƙara sukari. Ta inda ta shiga ba ta nan take fita ba, ni dai na ƙyale ta, don na san ranar biki ita za ta fara neman ƙari.

Wadda ta ɗan taɓa min zuciya Auta ce. Maganar Gwaggonta ta shige ta, ta yi kwanaki tana kicin-kicin da fuska. Ƙawayenta na kantin magani inda take aiki duk a manyan otal aka yi nasu. Ban yi mata faɗa ba. Ranar wata Asabar da ɗalibai suka fita wasanni na ja ta muka je. Ka san ɗakin dogo ne, tagogi manya ta kowane gefe, rana tana shigowa har tsakiya, ga itatuwa a waje. Na nuna mata inda za a shimfiɗa fararen ƙyallaye a kan tebura, da ƙofar can ƙarshe da za ta shigo ta taka har gaba. Sannan na gaya mata gaskiya, cewa duk abin da ba mu kashe ba kwana ne muke rage wa babanta a gaban wuta. Ta zagaya ɗakin ita kaɗai, ta dawo ta ce, “Mama, labulen tagogin ni zan saya.” Tun ranar ba ta sake ɗaure fuska ba.

Yanzu ga babban labari: 'yan tsaki sun iso. Sun haura ɗari, suna cikin akurkin da ƙaninka ya haɗa min da ragowar kwanon rufi da wayar da ka bari. Na shimfiɗa musu garin katako, na rataya musu fitila don ɗumi. Kafin in tafi aiki sai na duba su, in na dawo ko mayafi ban cirewa sai na leƙa. Cinsu ba kama hannun yaro. Auta ta ce tunda suka zo ta sauka daga auta, yanzu tana da ƙanne fiye da ɗari. Na auna komai da kalandar makaranta da ke bangon kicin, kuma in Allah ya yarda ranar da suka cika ƙirji ranar za a fara jera benci.

Saura kaɗan, Baban yara. Ka fara duba jakarka ko zif ɗinta yana aiki.

Taka,
Maman yara

*

Zuwa ga Baban yara,

Ina gaishe ka, ina kuma fatan kana lafiya. Yau gaisuwata ba za ta yi tsawo ba, don raina a ɓace yake kuma kai ne rabin dalili.

Bari in fara da abin da ya faru, tunda ka ji shi a bakin da bai kamata ba. Uwar ango ta zo ta same ni, ta daɗe tana kewaye-kewaye kafin ta faɗi abin da ya kawo ta. 'Yarta da ke aure a wani gari mai nisa tana da ciki mai wahala, likitoci sun ce sai an yi mata aiki, kuma lokacin da suka ba ta ya faɗo a satin bikinmu. Ba za ta iya barin 'yarta ba, ba kuma za ta so a yi bikin ɗanta ba ta nan ba. Ta roƙi a ɗaga da kamar wata biyu. Ni ma uwa ce, me zan ce mata? Na ce mata ba komai, Allah ya sauke ta lafiya.

Wata biyu na nufin makaranta ta koma, ɗakin ya cika da masu shi. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu kuma kajin. Duk dabarata a kan rana guda na ɗora ta, ban bar wa kaina ƙofar fita ba. Irin waɗannan kaji ba sa jira. Da sun kai, duk abin da suka ci bayan nan asara ce, sai su yi ta nauyi har ƙafafunsu su kasa ɗaukarsu, zafi kaɗan ya kwantar da su. Yanzu haka sun cika sun batse, suna tafiya da ƙyar suna haki. Jiya na tsinci biyu a mace. Shinkafa za ta jira, riga za ta jira, su kam ba ruwansu da wadda za ta haihu.

Kafin in gama juya abin a kaina, Gwaggon yara ta riga ta kira ka ta ce shirin ya rushe, sai an kama otal an sayi nama a kasuwa. Kai kuma ko tambayata ba ka yi ba, ka bugo kana cewa ai shi ke nan, tunda an ɗaga biki kuma kamfani na son amsa kafin ƙarshen wata, bari ka sa hannu a huta. A huta? Wa zai huta? Kafin in buɗe baki layi ya ɗauke, ko kuma ka ɗauke shi, Allah ne masani.

Wannan duk bai kai abin da na ji daga baya ciwo ba. Abokin aikinka da ya zo hutu ya kawo min saƙonka, muna hira yana yaba shirin bikin, har da labarin ƙannen Auta fiye da ɗari. Na ce ashe kana ba su labari. Sai ya ce ai a ɗakinku ake jin komai, tunda Direba, abokin ɗakinka mai tuƙa injin ɗaga kaya, shi ke karanta maka takarduna tun bara, don ƙananan rubutu sun daina fito maka. Da ya ga yadda fuskata ta canza ya gane ya yi suɓul da baka, ya hau kame-kame.

Tun bara, Baban yara. Ni ina nan ina tambayarka ya ido, kai kana can kana cewa da sauƙi. Mutumin da ba ya iya karanta takardar matarsa shi ne zai karanta takardar kamfani ya sa hannu a kan ƙarin shekara biyu? Na yi kuka, ba zan ce ban yi ba. Na shiga ɗakin shinkafa na rufe ƙofa don kada Auta ta gani.

Malam Direba, tunda yanzu na san kai ke riƙe da takardar nan, ina gaishe ka, kuma na gode da ɗawainiya. Na ji kunyar wasu abubuwan da na rubuta a baya, amma ya wuce. Roƙona ɗaya ne. Wurin nan ka karanta masa da ƙarfi, in ya so ka maimaita: ban karya nawa alkawarin ba tukuna, don haka ba shi da ikon karya nasa. Ya ba ni zuwa ranar da za su kawo takardar. In na kasa, ni da bakina zan faɗa masa.

Ka ci gaba da ɗiga magani.

Matarka,
Maman yara

*

Zuwa ga Baban yara, da mai karanta masa,

Gaisuwa mai yawa gare ku duka. Ya aiki, ya haƙuri da mu? Ina fatan wannan ta riga takardar kamfani isowa, don na ba mai kawo ta kuɗin mota na ce kada ya tsaya gaisawa da kowa a hanya.

Ku gyara zama. Washegarin ranar da na rubuto waccan, ina tsaye a kicin ina juya tukunya idona ya sauka a kan kalandar bango. Shekara ashirin ina kallonta, amma sai ranar na ga hutun tsakiyar zango da idon mai neman mafita. 'Yan kwanaki ne kawai, ɗalibai su je gida su dawo, amma mu wuni ɗaya muke nema. Na ajiye muciya na tafi ofishin Shugaba da gari a hannuna. Ta ce in dai za mu mayar mata da ɗakinta tsaf kafin yara su dawo, ta ba mu.

Daga nan ban zame ko'ina ba sai gidan uwar ango, na same ta tana haɗa kayan tafiya. Hutun ya ɗan gota lokacin da suka nema, na ce ko za su yarda. Baiwar Allah sai ta kama hannuna ta riƙe. Ashe ita ma ba ta barci. Tsoronta kada in ce tunda su suka ɗaga, su biya otal, alhali ɗan abin da ta tanada asibiti zai tafi. Muka zauna a bakin gado muna dariya kamar waɗanda suka daɗe da sanin juna. Ina ganin Auta ta yi dacen suruka.

Saura kaji. Da yamma angon ya zo gaishe ni, ya same ni a bayan gida na zabga tagumi a gaban akurki. Ka san yaron ba mai yawan magana ba ne, in yana gabana kansa a ƙasa yake. Ya dube su, ya dube ni, ya ce ko zan daure in taka zuwa shagonsa. Na bi shi ban san me zan gani ba. Ya buɗe ƙofar baya, sai ga firiza jere har bango, manya da ƙanana. Duk ya gyara su, masu su ne ba su zo sun karɓa ba, wasu sun shekara a nan suna cinye masa wuri. Ya ce, “Mama, duk lafiyarsu ƙalau, aikin yi ne ba su da shi.”

Ba mu ɓata lokaci ba. Mahaucin makaranta ya zo ya yanka, abokan aikina na kicin suka zo da wuƙaƙensu da manyan robobi. Muka fige, muka wanke, muka yayyanka yadda zai shiga faranti, muka ƙulla a leda. Bayan gida ya koma kamar an fasa matashin kai, har yau ina tsintar gashin kaza a cikin takalmi. Angon ya yi ta jigila da motar wani abokinsa, in wuta ta ɗauke ya tayar da injinsa. Na ce zan sayi mai, ya ce in na sake faɗa zai ji kunya. Ragowar abincin kajin na mayar wa mai shagon da na saya a wurinsa ya musanya min da kwalayen lemo. Waɗanda suka mutu kafin nan ba su kai goma ba, kuma na yafe musu.

Abu ɗaya ne ya so ya ba mu kunya. Wani dattijo da ya manta da firizarsa tun shekarar da ta wuce, sai a satin nan ya tuna da ita. Ya zo da motar ɗaukar kaya, ya ɗaga murfi ya ga cinyoyin kaji har baki. Angon ya rasa inda zai sa kansa. Ya yi masa bayani tiryan-tiryan, dattijon ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce a bar ta nan sai bayan biki, amma da sharaɗin a ba shi katin gayyata. Na rubuta masa nasa da hannuna.

To ga inda muke. Wuri yana nan, shinkafa tana nan, riga tana rataye, nama yana ƙanƙara yana jiran ranarsa. Ba a sayar da komai ba, ba mu miƙa hannu ga kowa ba, abin da ka turo na watan jiya ma ban taɓa shi ba. Na cika nawa.

Na san akwai abin da ba ka faɗa, cewa kana tsoron ka dawo ka zauna a ƙofar gida kana kallon masu wucewa. Akurkin yana nan, na kuma gane kan kiwon, maƙwabta tun yanzu suna tambaya ko za mu sake zubawa. Aiki ne da ba ya son komai sai hannu da haƙuri, kuma duka biyun kana da su. Ni dai ka dawo. Na gaji da zama jaruma ni kaɗai, ina so in yi gunaguni a samu mai ji.

Malam Direba, ranar da za a kira shi ofis, don Allah ka raka shi.

Taka har kullum,
Maman yara

*

Zuwa ga Malam Direba,

Bayan gaisuwa da girmamawa, da fatan kana lafiya, kai da sauran abokan aiki. Ya kewar abokin ɗaki? Ya iyali a gida, ina fatan kana jin labarinsu? Maigidan yana gaishe ka. Yana nan zaune a gefena yana cewa in rubuta kaza in bar kaza, ni kuma abin da na ga dama nake rubutawa.

Na ga bai dace ba a ce kai da ka sha karatun labarin nan tun daga 'yan tsaki a bar ka ba ka ji ƙarshensa ba. Kafin nan, na gode. Ya ba ni labarin ranar da aka kira shi ofis, yadda ka tsaya a bayansa kana gyaran murya duk lokacin da hannunsa ya doshi alƙalami, har mai ofishin ya tambaya ko a kawo maka ruwa. Allah ya saka maka da alheri, ya mayar da kai ga naka iyalin lafiya.

An yi biki. 'Yar uwar angon ta sauka lafiya, namiji, har da jaririn aka zo. Tun da sassafe ni da abokan aikina muka ɗora tukwane, kuma ka yarda da ni, girkin mutum ɗari uku a wurinmu hutu ne. Ɗakin nan da aka raina, da aka shimfiɗa fararen ƙyallaye aka rataya labulen Auta, sai da Shugaba da kanta ta tsaya a ƙofa tana tambaya ko nata ne. Kowa ya ci ya ƙoshi, kaza har da ta tafiya da ita gida. Dattijon firiza ya zo da babbar riga ya zauna a gaba kamar kawun amarya. Gwaggon yara kuwa da kunnena na ji tana gaya wa wasu baƙi cewa ai mu a danginmu ba ma yin abu da gaggawa, tun bara muka fara shiri. Na zo wucewa da tire, na dai ƙara mata cinya ɗaya.

Kafin bikin na kai shi asibitin ido. Ba zan ɓoye maka ba tunda kai ka fi kowa sanin halin da yake ciki. Na hagun ya tafi, sai dai haske da duhu. Na daman likita ya ce yana ganin abin da ke kusa, kuma zai tsaya a haka in dai ya rabu da wutar walda. Ya ce da an ƙara ko shekara ɗaya, da wani zancen ake yi. 

Ranar bikin na cire kayan girki na sa na fita, na zo na zauna kusa da shi a teburin gaba. Ka tuna na ce ɗakin dogo ne, kuma ta ƙofar can ƙarshe amarya za ta shigo. Da aka fara shirin shigowarta ya sunkuyo ya ce min a hankali in riƙa gaya masa abin da ke faruwa, don daga nan ba ya ganin komai sai inuwar mutane. Na fara. Na ce ga ta nan ta shigo, ƙawayenta suna bayanta. Na ce rigar ta zauna mata, tana tafiya a hankali, kanta a sunkuye. Na ce ta wuce tsakiya, ta ɗago tana neman inda muke. Ina cikin faɗa masa yadda hasken taga ya sauka a kan mayafinta, saura tebur biyu ta iso, sai na ji ya damƙe hannuna.

Ya ce, “Ya isa haka. Na gan ta.”

Na yi shiru. Bai ɗauke idonsa daga kanta ba har ta zo ta durƙusa a gabansa. Abincinsa a nan ya huce, kazar da na yi wata da watanni ina fama da ita ko taɓa ta bai yi ba, kuma ban ji haushi ba.

Ka gaishe mana da kowa da kowa a ɗakin. In Allah ya kawo ka hutu, gidanmu gidanka ne.

Matar abokinka,
Maman yara